Daga Port Augusta Zuwa Alice Springs da Karaban: Yadda Ake Shiri, Yada Zango da Tafiyar Ƙafa a Dajin Ostireliya

Tsakiyar Ostireliya, yankin da mutanen ƙasar ke kira Outback, ba a shigarsa da "in mun je ma gani". Jar ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ruwa kaɗan, mutane kaɗan, inda za ka yi awa biyu kana gudu a kan kwalta ba ka ga rufin gida ba. Duk da haka, da zarar sanyi ya shigo, dubban mutane sukan ɗaura karaban a bayan mota su nufi can, da yawansu dattawan da suka yi ritaya. Karaban ɗaki ne mai taya da mota ke ja, da gado a ciki da murhun gas da firji da tankin ruwa, wani ma har da makewayi.

Baƙo ya fi tsoron maciji da kada, kuma akwai su a ƙasar. Amma yawancin wahalar da ake sha a can nisa ne ke jawo ta. Notin da bakanike zai ɗaure maka cikin minti biyar a gari, idan ya kwance a tsakiyar daji sai ya zame maka kwana biyu a bakin hanya. Don haka na zaɓi hanya guda na bi da kai: babban titin Stuart daga Port Augusta a kudu, ta Coober Pedy, a ratse zuwa ƙaton dutsen Uluru da kwazazzabon Kings Canyon, a ƙare a Alice Springs da duwatsun da ke yammacinta. Daga Port Augusta zuwa Alice Springs kai tsaye wajen kilomita 1,230 ne, wato ya fi Kano zuwa Legas, kuma garuruwan da ke tsakani ba su cika yatsun hannu ba.

Fara da zaɓen wata

Ƙasar tana kudancin duniya, lokutanta a juye suke. Disamba zuwa Fabrairu ne tsananin zafi. A Oodnadatta, wani ƙaramin gari da ke gabas da wannan titi, an taɓa auna zafi 50.7 a ma'aunin Salshiyas ranar 2 ga Janairun 1960. Hamadar Simpson ma rufe ta ake yi gaba ɗaya daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Lokacin tafiya shi ne Mayu zuwa Agusta, ko a ɗan faɗaɗa daga Afrilu zuwa Satumba. Rana tana da daɗi a lokacin, amma dare a Yuni da Yuli yakan sauka ƙasa da sifili a kewayen Alice Springs, har ruwa ya daskare a bututu. Ka tafi da bargo na gaske da hular sanyi.

Tuƙi a hannun hagu ake yi. Idan hayar mota ko karaban za ka yi, karanta yarjejeniyar da kyau, domin kamfanoni da yawa sun hana hawa hanyar da ba kwalta, kuma inshora ba ta biyan ɓarnar da ta auku a can.

Nauyi: a nan ake cin tafiya ko a faɗi

Wannan ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi cancantar a zauna a kansa. A jikin kowane karaban, galibi kusa da ƙarfen da ake ɗaura shi, akwai ɗan faranti da aka buga lambobi a kai: nauyinsa babu kaya, da iyakar nauyin da aka yarda ya kai da kaya. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne duk abin da kake da iznin lodawa. A ce babu kaya kilo 2,200 ne, iyaka kuma 2,700. Kilo 500 ke nan gare ka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki biyu masu lita 90 sun cinye 180. Tukunyar gas biyu a cike sun kusa 40. Ka ƙara batir, kayan aiki, abinci, tukwane, kujeru, tufafi. Kafin ka ankara ka wuce iyaka, alhali a ido ɗakin kamar babu komai.

Akwai tarko na biyu a wajen motar. Manyan motoci irin Hilux da Land Cruiser da Ranger ana tallarsu da cewa suna jan kilo 3,500. Gaskiya ne, amma akwai wata iyakar ta jimillar mota da karaban a haɗe. A ce jimillar 6,000 ce, motar kuma ita kaɗai 2,200. Idan ka ja 3,500 cif, kilo 300 kacal ya rage wa direba da fasinja da duk abin da ke cikin motar. Sannan nauyin da karaban ke dannawa a kan ƙugiyar mota, wanda ake so ya kasance wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin karaban ɗin, shi ma a lissafin kayan mota yake shiga.

Maganin duk wannan lissafi sikeli ne. Akwai sikelin manyan motoci na jama'a a garuruwa da dama. Ka loda komai kamar yau za ka tashi, tankuna a cike, mutane a ciki, ka je a auna mota daban, karaban daban, sannan a haɗe. Abin da ya haura, a sauke shi a gida.

Wajen jera kaya, masu nauyi su zauna ƙasa-ƙasa, daidai kan tayoyin karaban. Kada ka ɗaura jarkoki ko janareta a can ƙarshen baya. Nauyin baya shi ke sa karaban ya fara kaɗa wutsiya hagu da dama idan gudu ya ƙaru, kuma kaɗawar nan ita ke kifar da mota.

Dokar ƙasar ta ce duk abin ja da ya haura kilo 750 sai da burkinsa, wanda ya haura 2,000 kuma sai da na'urar da za ta taka masa burki da kanta idan ya tsinke daga mota. Ka tabbata batirin wannan na'ura na da caji. Ka kai karaban a buɗe tayoyi a duba boris, a sa sabon giris, a duba burki. Ka duba shekarar da aka buga a jikin tayoyi, domin tayar karaban takan tsufa ta tsattsage alhali zanenta bai cinye ba. Safaya biyu sun fi ɗaya, kuma ka gwada jak da sifanar taya a gida, ka tabbata sun dace da karaban ɗin, ba motar kaɗai ba.

Mai, ruwa da hanyar kiran taimako

Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 idan ita kaɗai ce, tana iya shan 16 zuwa 20 da karaban a baya, in kuma iska na tunkarar ku sai ta ƙara. Tsakanin Glendambo da Coober Pedy akwai fiye da kilomita 250 babu gidan mai ko ɗaya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk inda ka ga famfo ka cika, ko da rabin tanki gare ka, ko da kuɗin ya ɓata maka rai. Zai ɓata maka.

Ruwa kuwa, ni a ganina a lissafa lita 10 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da alwala da ɗan wanke-wanke. Bayan wannan a ware jarka mai lita 20 ga kowane mutum, wadda ba a taɓawa sai an shiga matsala. Kada duk ruwanka ya kasance a tanki ɗaya. Tankin karaban a ƙarƙashinsa yake, dutse guda da taya ta harba zai iya fasa bututu, ruwan ya tsiyaye a hanya ba ka sani ba. Ruwan burtsatse a yankin yakan zo da gishiri da wari, ya yi wanka amma ba kullum ya yi sha ba. A Coober Pedy, garin masu haƙar dutsen ado na ofal inda mutane da yawa ke zaune a gidajen ƙarƙashin ƙasa saboda zafi, ruwa ma saye ake yi a famfon kuɗi.

Wayar hannu tana aiki a cikin garuruwa, layin Telstra ya fi sauran kaiwa nesa, amma tsakanin gari da gari sau da yawa babu sabis. Lambar gaggawa 000 ce, sai dai ba ta da amfani inda babu sabis sam. Saboda haka abu uku ake riƙewa. Na farko rediyon oba-oba na mota: tasha ta 40 ta direbobin manyan motoci ce, ta 18 ta masu karaban, ta 5 da ta 35 kuma na gaggawa ne kawai, ba a hira a kansu. Na biyu wayar tauraron ɗan'adam, ko ta haya. Na uku ƙaramar na'urar neman ceto da ake kira PLB, wadda idan ka kunna ta take aika inda kake ta tauraron ɗan'adam zuwa cibiyar ceto a Kanbera. Rajistarta a wurin AMSA, hukumar da ke kula da wannan cibiya, kyauta ce. Likitocin da ke zuwa da jirgin sama, Royal Flying Doctor Service, suna aiki a dajin nan tun 1928, amma sai sun san inda kake.

Kafin ka tashi, rubuta wa wani amintacce hanyar da za ka bi, da inda za ka kwana, da ranar da idan bai ji daga gare ka ba zai kira 'yan sanda. In ka canja hanya ka sanar da shi. In ka iso lafiya ma ka sanar da shi, kada a tashi jirgi nemanka kana zaune kana shan shayi.

A kan kwalta

A Yankin Arewa (Northern Territory), inda Alice Springs take, akwai wuraren da doka ta yarda da gudun kilomita 130 a awa. Wannan ba naka ba ne. Mai jan karaban ya tsaya tsakanin 85 da 95. Sauri ya haifi nawa. Ka tsaya duk bayan awa biyu, kuma kada ka tsara fiye da kilomita 400 a rana.

Za ka haɗu da tirela mai jan wasu tireloli biyu ko uku a bayanta, tsawonta har mita 53.5. Idan tana tahowa daga gaba, ka ɗan rage gudu tun da wuri, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, domin iskarta za ta bugi karaban. Idan ta taho ta bayanka, kada ka taka burki don ka ba ta hanya, direban ba zai iya tsayawa da sauri ba. Ka riƙe gudunka, ka yi masa magana a tasha ta 40, sai ya fito sosai ya daidaita da kai sannan ka sassauta ƙafa ya wuce. Wuce ta kuwa da karaban a baya, shawarata ka haƙura.

In karaban ya fara kaɗawa, kada ka danna burkin mota da ƙarfi, kada kuma ka yi ta murɗa sitiyari kana ƙoƙarin gyara shi. Ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, sitiyari a miƙe, ka danna maɓallin burkin karaban da hannu. Burkin baya shi zai ja shi ya miƙe. Ka koyi inda maɓallin yake har hannunka ya riƙa zuwa ba ka duba ba.

Ba a tuƙi da asuba, ko dab da magariba, ko da dare. Lokacin ne kangaru ke fitowa, da emu mai kama da jimina, da shanu, domin wurare da yawa babu shinge a gefen titi, har da raƙuman daji. In dabba ta faɗo maka, ka taka burki a miƙe, kada ka kauce. Ƙarfe uku na yamma ya same ka ka riga ka sauka a zango.

Idan za ka bar kwalta

A Marla, wani ƙaramin gari da ke kan titin Stuart, akwai mararrabar hanyar Oodnadatta, burji mai kimanin kilomita 620 zuwa Marree, wadda ke bin tsohon layin dogo. Hanyar tana da tarihi da zai ja hankalin Musulmi. Daga shekarun 1860 aka riƙa kawo raƙuma da masu jansu daga Afganistan da yankunan da yanzu suke Pakistan da Indiya, su suka riƙa kai kaya cikin dajin nan kafin jirgin ƙasa ya isa Alice Springs a 1929. A Marree suka gina ɗaya daga masallatan farko na ƙasar. Da mota da jirgi suka karɓe aikin, aka saki raƙuman, jikokinsu ne ke yawo a daji yanzu.

Sai dai ba kowane karaban ke iya wannan hanya ba. In naka na kwalta ne, ka bar shi a zango ka je da mota kaɗai. In an ƙera shi don daji ne, to ka rage iskar tayoyi, na mota da na karaban duka, da kimanin kashi ɗaya bisa biyar, ka kuma rage gudu zuwa ƙasa da 80, sau da yawa ma 60. Taya mai ɗan laushi tana shanye gargadar hanya, ba ta kuma saurin fashewa a kan tsini. Da ka dawo kwalta ka mayar da iskar, wato kwamfuresa da geji dole ne. Ka rufe gilashin bayan mota da kwali, domin duwatsu sukan bugi gaban karaban su dawo su fasa shi. Ka lura da ramukan da ƙura mai laushi ta cike, a ido lafiya lau, a ƙasa rami ne.

Idan an yi ruwa ana rufe waɗannan hanyoyi, akwai alluna a bakin gari da ke nuna wadda ke buɗe. Bin rufaffiyar hanya tara ce mai nauyi, ban da kafewa a laka. Ƙofar shingen makiyaya, yadda ka same ta haka za ka bar ta, a buɗe ko a rufe. Wasu hanyoyin suna ratsa ƙasar 'yan asali, kamar Mereenie da ke haɗa Kings Canyon da duwatsun yammacin Alice Springs, kuma sai da takardar izni.

Yada zango da aikin kullum

Kada ka sauka a cikin busasshen rafi, komai laushin yashinsa da daɗin inuwarsa. Ruwan da aka yi a nesa, wanda ko hadarinsa ba ka gani ba, yana iya isowa cikin dare. Kada kuma ka sauka ƙarƙashin manyan itatuwan turare da ke bakin rafi, sukan yar da reshe babba ba iska ba gargaɗi. A cikin gandun Uluru ba a kwana, zangon yana garin Yulara da ke kusa, kuma a watannin sanyi sai ka kama wuri tun da wuri.

Da ka tsaya, kafin komai, zagaya ka taɓa tsakiyar kowace tayar karaban da bayan hannu. Ɗumi ba komai. Amma idan ɗaya ta fi sauran zafi sosai, boris ne ko burki ke kamawa, kada ka ci gaba sai an duba. Daga nan ka daidaita karaban ya zauna sosai ba karkace ba, ka sa wa tayoyi waigi, sannan ka kwance shi daga mota. Daidaitawar ba don daɗin barci kaɗai ba ce: firjin da ke aiki da gas ba ya sanyi a karkace, yana ma iya lalacewa.

Rana a can ta arewa take bi a lokacin sanyi, don haka farantin sola arewa zai kalla, kuma a goge masa ƙura kowace safiya. Batir irin na da ba a barinsa ya sauka ƙasa da rabi, na litiyom ya fi jurewa. Alƙibla kuwa yamma take, ta ɗan karkata arewa, kada sabo ya juya ka gabas.

Gas abin kiyayewa ne. A rufe tukunya duk lokacin da ake tafiya. Bayan hanyar gargada, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Komai sanyin dare, ba a kunna murhu don ɗumama ɗaki, ba a kuma shigo da garwashi. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, mutum barci kawai zai yi ya zarce. Na'urar da ke ƙara idan ya taru ba ta da tsada.

Rumfar da ke jikin karaban a naɗe ta kafin a kwanta, da duk lokacin da za a bar zango. Guguwa takan taso rana tsaka ta ɗaga ta ta karya ƙarafan. Tankin makewayi ba a zubar da shi sai a wuraren da aka tanada a garuruwa da zangon haya. In buƙata ta kama ka a daji, ka yi nisan mita 100 daga ruwa, ka haƙa rami mai zurfin taƙi guda, takardar kuma ka ƙulle ta a leda ka tafi da ita, don karnukan daji na dingo suna tonowa. Su dingo ɗin ba a ba su abinci, ba a barin takalmi ko shara a waje, ba a kuma barin ƙaramin yaro shi kaɗai.

A gandun daji na gwamnati an hana tsintar itace, sai ka zo da naka. Akwai ranakun da ake hana kunna wuta kwata-kwata, ka saurari sanarwa. Wutar da ka hura ka kashe ta da ruwa. Wadda aka binne da yashi takan kwana da zafinta, ta ƙone ƙafar wanda ya zo bayanka.

Da safe kafin tashi, minti goma sha biyar: notin tayoyi da sifana, iskar taya tun suna da sanyi, baƙin mai da ruwan lagireto, ƙugiya ta kulle, sarƙoƙi a gicciye ƙarƙashinta, wayar lantarki a soke, fitilun baya da burki na aiki, tagogi da ƙofofin kabad a rufe, ƙafafun karaban a ɗage. Ka leƙa ƙarƙashin mota ka cire busasshiyar ciyawar da ta maƙale kusa da salansa, ita ke tayar da gobara. Ka kakkaɓe filtar iska idan an sha ƙura. Mutum ɗaya ya yi zagayen, na biyu ya sake bi, kuma kada a yi musu hira suna cikin yi.

Tafiyar ƙafa

Fara da mai sauƙi. Zagayen gindin Uluru kimanin kilomita 10.6 ne a shimfiɗe, awa uku zuwa huɗu. An rufe hawa dutsen tun 26 ga Oktoban 2019 bisa buƙatar mutanen Anangu, 'yan asalin wurin, waɗanda aka mayar wa da ƙasar a 1985. Akwai sassan da alluna suka hana ɗaukar hoto don wurare ne masu alfarma a wurinsu. Ka kiyaye, kai baƙo ne. Daga nan sai Kings Canyon, zagayen kilomita 6 da ke farawa da hawan matakala wajen 500 masu tsayi. Ranar da aka yi hasashen zafi zai kai 36, sai ka fara kafin ƙarfe 9 na safe, in ba haka ba a rufe. Ko ba zafi, da fitowar rana ya kamata a fara.

Babbar tafiya ita ce Larapinta, fiye da kilomita 220 daga tsohuwar tashar wayar tangaraho ta Alice Springs zuwa dutsen Sonder, an raba ta kashi 12. Ba sai ka yi duka ba. Mai karaban zai iya sauka a Ormiston Gorge ya yi zagayen yini ɗaya ya dawo ya kwana a gadonsa. Duwatsun hanyar masu kaifi ne, suna cin takalmi, kuma sabon takalmi ba a fara sa shi a nan. Ruwan tankunan da ke bakin kowane kashi sai an tafasa ko an sa masa magani.

Ƙa'idar masu kula da gandun ita ce lita ɗaya ta ruwa ga kowace awa ta tafiya. Iskar wurin a bushe take, gumi na bushewa nan take, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba. Ka sha kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi, ka haɗa da ɗan abinci mai gishiri ko garin gishiri da sukari, domin ruwa zalla da yawa ba gishiri shi ma yana kayar da mutum. Idan ka shanye rabin ruwanka, juyawa za ka yi, ko da wurin da ka nufa yana gabanka kana hangensa. A jaka a sami malafa, riga mai dogon hannu, man kare fata daga rana, ragar fuska saboda ƙudaje, taswirar takarda da kamfas, tocila, usur, rigar sanyi, bandeji mai faɗi guda biyu, da PLB a jikinka, ba a cikin mota ba.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗawar tsoka alamun zafi ya fara cin mutum ne: inuwa, ruwa, a jiƙa masa tufafi, tafiya ta ƙare. In ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya suma, rai ake magana, a sanyaya shi da duk abin da ke akwai a kira taimako nan take.

Macizan yankin suna da mugun dafi, amma gudun mutum suke yi, sau da yawa kuma sara yana samun wanda ya je kashe su ne. Ka tsaya cik, ka bar shi ya wuce. In ya sari wani, a manta da ɗaure igiya da tsagawa da tsotsa. Ba a ma wanke wurin. A kwantar da mutumin, a naɗe bandeji da ƙarfi kamar na targaɗe daga yatsu har zuwa saman ƙafar ko hannun, a ɗaura sanda don kada gaɓar ta motsa, a hana shi tafiya ko taku ɗaya, a kawo taimako inda yake. Wannan hanya ta macizan Ostireliya ce, kada a ɗauke ta a kai kan saran kububuwa a gida. Kada kuwa babu shi a tsakiyar ƙasar, sai ka ci gaba arewa wajen Katherine da Darwin. Can ba a wanka sai inda allo ya ce a yi, kuma ana yada zango aƙalla mita 50 daga bakin ruwa.

In mota ta lalace ko ta kafe

Ka zauna wurin motarka. A Disamban 1998 wasu matafiya biyu daga ƙasar Ostiriya ta Turai suka kafe a yashi kusa da tafkin Eyre, gabas da William Creek. Macen ta kama hanya a ƙafa neman taimako, zafi ya kashe ta a hanya. Namijin da ya koma ya zauna wurin mota, inda akwai ruwa, an same shi da rai. Da masu ceto suka zo, iskar tayoyi suka rage, suka ɗan yi haƙa, motar ta fita.

Saboda haka in ka kafe, kada ka yi ta danna totur tayoyi na ƙara nutsewa. Kwance karaban, rage iska zuwa 18 ko ma ƙasa a geji, kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, ka fita a hankali. In zafi ya yi yawa, bari sai yamma. In abin ya fi ƙarfinka, ka buɗe bonet don mai wucewa ya gane, ka kafa inuwa a gefen mota, ka huta da rana, ka ci gaba da shan ruwa daidai buƙata ba tare da aikin da zai sa ka gumi ba. Daga sama mota da karaban ana hango su, mutum ɗaya a ƙafa ba a ganinsa. Ka gwada rediyo, ka gwada wayar tauraro. Idan akwai mai rauni, ko ruwa ya kusa ƙarewa ba alamar kowa, ka fito da PLB fili inda babu itace ko dutse a kansa, ka miƙe eriyarsa sama, ka kunna, kuma kada ka kashe shi ko ka bar wurin har masu ceto su iso.